Bayan Sanƙarau: Yadda Muka Yi Tsere Da Ƙashi A Kunnen 'Yata

Ni uwa ce, ban karanta aikin likita ba, amma shekarun da na yi ina zirga-zirga a sashen kunne, hanci da maƙogwaro sun cusa mini ilimin da ban taɓa zaton zan nema ba. 'Yata, wadda muke kira Ummi, tana da shekara biyu da 'yan watanni sanƙarau ya kama ta. Allah Ya tashi kafaɗarta, amma ciwon ya tafi da jinta na kunnuwa biyu. Yau tana makaranta, tana magana, har gardama take yi da yayyenta, da taimakon na'urar da aka dasa mata a cikin kunne. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan labari shi ne wata magana guda da ya kamata duk iyayen da ɗansu ya tashi daga sanƙarau su ji tun suna kan gadon asibiti, wadda mu ba mu ji ba: kunnen yaron da ya yi wannan ciwo yana iya toshewa da ƙashi daga ciki, kuma hakan na iya farawa cikin makonni kaɗan.

Ba zan daɗe a kan jinyar kanta ba. Zazzaɓi mai zafi, amai, wuya ya sanƙare, sai suma. Aka ɗebi ruwan bayanta aka auna, aka ce ƙwayar cutar nimokokas ce, ita ce kuma daga baya na gane ta fi sauran ƙwayoyin sanƙarau ɓarna a kunne. Aka yi ta yi mata allurai ta jijiya har ta farfaɗo. Ranar da aka sallame mu kowa murna yake yi, kuma murnar tana da dalili, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum shida da suka kamu da sanƙarau irin na bakteriya, kusan ɗaya ba ya tashi. Amma hukumar ta ƙara da cewa cikin biyar da suka rayu, ɗaya yana fita da wata lalura mai ɗorewa, kuma rashin ji na cikin waɗanda suka fi yawa. Wannan rabin maganar ne ba wanda ya faɗa mana. An duba zafin jikinta, an duba idonta, an ba mu ranar dawowa, amma ba wanda ya ce a gwada kunnenta.

Da muka koma gida, abin da na fara lura da shi tafiyarta ce. Yarinyar da ke gudu kafin ciwo ta koma tana tangaɗi, tana dafa bango, da duhu ya yi kuwa sai ta zauna ta ƙi motsi. Kowa ya ce rashin ƙarfi ne na wanda ya sha jinya. Sai kuma kira. In na kira ta daga baya ba ta waiwayowa, amma in ta ga fuskata sai ta yi murmushi ta taho. Surukata, wadda ke son Ummi kamar ranta, ta ce mini, "Haba Maman Ummi, yarinyar da ta sha wuya haka, ai sai a hankali. Shagwaɓa ce kawai, za ta warware." Ba na ganin laifinta ko kaɗan. Yaron da ya riga ya fara magana kafin ya kurumce yana da wayon da ke ɓoye matsalarsa: yana karanta fuska, yana bin hannu, yana jin girgizar ƙasa in an taka da ƙarfi, sai ka rantse yana ji.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne kalmominta. Kafin ciwo tana da kalmomi masu yawa, har tana haɗa biyu-biyu. Sai na ga suna zubewa. Ƙarshen kalma ya fara ɓacewa, muryarta ta canza, wani lokaci ta ɗaga ta sosai ba dalili, wani lokaci leɓe kawai ke motsi. Na ce wa mahaifinta, "Abban Ummi, yarinyar nan ba ta jin kanta." Ya yi shiru, sannan ya ce gobe mu tafi wurin likitan kunne.

Likitan ya leƙa kunnuwan da 'yar fitilarsa ya ce dodon kunnenta lafiya lau, ba ruwa, ba mugunya. Na fara sakin ajiyar zuciya, sai ya ce wannan bai gaya masa komai ba game da can ciki. Ya tura mu wurin masaniyar gwajin ji. Gwaji na farko na ɗan lokaci ne: ana sa wani ɗan toshe a kunne, ya aika sauti, ya saurari amsar da lafiyayyen kunne ke mayarwa. Wani masani ɗan Ingila, David Kemp, shi ya gano a 1978 cewa kunnen ciki yana fitar da ɗan sauti na kansa, kuma wannan binciken ne ya sa a yau ake iya gwada jaririn kwana ɗaya yana barci. Kunnen Ummi bai mayar da komai ba. Gwaji na biyu, wanda suke kira ABR, sai da aka sa ta barci, aka manna mata wayoyi a goshi da bayan kunne, ana aika sauti ana kallon ko jijiyar ji za ta amsa. Hirar yau da kullum tana kai wajen desibel 60, wato ma'aunin ƙarfin sauti. An ɗaga sautin har ya haura 90, layin da ke kan allon kwamfuta bai motsa ba, dama da hagu.

Ban manta yadda likitan ya yi mana bayani ba, domin bai ɓoye komai ba kuma bai yi gaggawa ba. Ya zana wani abu mai siffar katantanwa ya ce ga kunnen ciki, bututu ne da ya naɗe sau biyu da rabi, tsawonsa in an miƙe shi bai wuce milimita 35 ba, cike yake da ruwa. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, wajen 15,000 a kowane kunne, su ne ke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon lantarki zuwa ga jijiya. Akwai wata siririyar hanya da ta haɗa ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da ruwan katantanwar, ta nan cutar ke bi ta shiga. In ta shiga sai ta kashe waɗannan ƙwayoyi, kuma a jikin ɗan Adam in sun mutu ba sa sake tsirowa. Sashen da ke riƙe daidaiton jiki yana maƙwabtaka da katantanwar, ruwansu ɗaya, shi ya sa take tangaɗi.

Sannan ya zo kan abin da ya sa jikina ya yi sanyi. Ya ce bayan kumburin ya lafa, jiki yakan yi ƙoƙarin gyara wurin, sai ya fara cika bututun da wani nama mai zare-zare, daga baya naman ya rikiɗe ya zama ƙashi. Yakan fara ne daga ƙofar katantanwar, daidai inda likitan tiyata ke buƙatar shigar da wayar na'ura. "Maman Ummi," in ji shi, "ki ɗauka an zuba kwaɓaɓɓen siminti a bututu. Yau za ki iya tura waya ta wuce. In ya bushe, sai dai a fasa." Ya ce yaron da aka haifa da rashin ji ana iya ɗaukar watanni ana gwada masa na'urar ƙara sauti kafin a yanke shawarar tiyata, amma wanda sanƙarau ya kurumtar ba a yi masa wannan jira. Daga baya na karanta cewa ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya, ta shimfiɗa ita ce a gwada jin duk wanda ya yi sanƙarau na bakteriya cikin mako huɗu da samun sauƙinsa, in da hali ma kafin a sallame shi, kuma in an samu rashin ji mai tsanani a tura shi a duba batun dashe, wato dasa masa na'urar ji a cikin kunne, cikin gaggawa. Har yau in na tuna wannan ƙa'ida sai raina ya sosu, don gwajin ba ya da zafi, ba ya cin lokaci, kuma makonnin da muka yi a gida muna jiran ta warware su ne makonnin da ƙashin ya samu.

Aka yi mata hoto iri biyu. Hoton CT yana nuna ƙashi, shi kuwa MRI yana nuna ruwa, saboda haka shi ke fara tona asirin matsalar tun naman bai zama ƙashi ba: inda ya kamata a ga ruwa yana haske sai a ga wurin ya dushe. Kunnen dama da sauran haske. Na hagu ya riga ya fara rufewa daga ƙofa. Likitocin suka ce a dasa kunnuwan biyu a tiyata ɗaya, domin wanda aka bari yau ba lalle a same shi a buɗe gobe ba.

Ba a nan wahalar ta tsaya ba. Neman cibiyar da ke yin wannan tiyata, da haɗa abin da ake buƙata, da takardu, duk sun ci lokacin da ba mu da shi, kuma 'yan uwa da abokan arziki sun tsaya mana tsayuwar da ba zan iya biyansu ba. Na san iyaye da yawa da suka kai wannan mataki suka tsaya cak, ba don ba sa son 'ya'yansu ba. Duk lokacin da na ji ana yabon ci gaban da aka samu a wannan fanni, su nake fara tunawa.

A daren da ke gaban tiyata ban runtsa ba, sai na kama karanta tarihin na'urar da za a sa wa 'yata, ina neman abin da zai kwantar mini da hankali. A 1957 a birnin Faris, André Djourno da Charles Eyriès suka sa waya a jijiyar jin wani kurma, ya ji wani irin ƙara, amma bai iya gane magana ba. William House ya ci gaba da gwaji a Amurka daga 1961, manyan masana na lokacin kuwa da yawa suna ganin ɓata lokaci yake yi, don a ganinsu 'yan wayoyi ba za su taɓa maye gurbin dubban ƙwayoyin halitta ba. A ƙarshen 1977 aka dasa na'ura mai tashoshi da yawa da Ingeborg da Erwin Hochmair suka ƙera a Biyana ta ƙasar Ostiriya, a 1978 kuma Graeme Clark ya dasa tasa a Melbon ta Ostireliya. Shi Clark mahaifinsa ne ke fama da rashin ji, abin da ya ja shi ga wannan aiki ke nan. A 1991 Blake Wilson da abokan aikinsa suka fito da wata sabuwar dabara ta aika saƙon lantarkin ɗaya bayan ɗaya cikin sauri maimakon a lokaci guda, gane magana ya ƙaru sosai. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a dasa wa yara 'yan shekara biyu a 1990, ta sauko zuwa wata 12 a 2000, sannan wata 9 a 2020. Na yi ta lissafi a raina cewa da a zamanin kakata aka haifi Ummi, da babu ko wannan ƙofar da muke tsere mu shiga.

Tiyatar ta ɗauki sa'o'i. Ana yanka bayan kunne, a huda ƙashi, a bi ta wata 'yar kafa da ke dab da jijiyar da ke motsa fuska, shi ya sa ake haɗa na'urar da ke yin ƙara in an kusanci jijiyar. Sai a tura siririyar waya mai ɗigogin lantarki cikin katantanwar. Ɗigogin nan, gwargwadon kamfani, galibi daga 12 ne zuwa 22, kuma an jera su ne bisa tsarin da kunne ke da shi tun asali: sauti mai kaifi a bakin ƙofa, mai kauri can cikin lungu. Georg von Békésy ne ya bayyana yadda girgizar sauti ke tafiya cikin katantanwa, ya samu kyautar Nobel a 1961 saboda haka. Da likitan ya fito, ya zare abin rufe bakinsa ya ce mana a dama wayar ta shige duka. A hagu sai da ya fasa ƙashi kafin ya samu hanya, kuma wani ɓangare ne kawai ya shiga. Na tambaye shi da mun zo da wuri fa? Ya ce, "Mai yiwuwa da ta shige. Amma ki gode wa Allah da kuka zo yanzu." Na gode, kuma har yanzu ina godiya.

Mutane sun saba ganin bidiyo a intanet inda ake kunna wa yaro na'ura ya ji muryar uwarsa ya fashe da dariya. Ina roƙon iyaye kada su shiga ɗakin da wannan hoton a zuciya. Bayan 'yan makonni da rauni ya warke aka kunna wa Ummi tata, ta firgita, ta tsala ihu, ta fizge ɓangaren na'urar da ke waje, wanda ake maƙala mata a kai, ta jefar. Masaniyar ji ta ce hakan ma amsa ce, alama ce saƙo ya isa. Sautin da na'urar ke bayarwa ba irin wanda ta sani ba ne, manya da aka dasa wa suna cewa da farko muryoyi kan zo musu kamar na inji, sai ƙwaƙwalwa ta koyi fassara su. Aka fara da lantarki kaɗan, ana ƙarawa a hankali a kowace ganawa, ɗigo bayan ɗigo, ana neman inda ta fara ji da inda ya yi mata yawa. A hagu an sha fama. Saboda ƙashin, sai an ƙara lantarki sosai kafin jijiya ta amsa, in an ƙara kuma sai gefen idonta ya riƙa motsi, don lantarkin na tsallakawa zuwa jijiyar fuska. Dole aka kashe wasu ɗigogin. Har yau kunnen dama ne ke ɗauke da nauyin magana, na hagu yana taimaka mata ta san ta ina sauti ya fito.

Aikin da ya fi tiyata tsawo shi ne wanda ya biyo baya, kuma a gida ake yin mafi yawansa. Mai koyar da magana ta ce mini, "Maman Ummi, ni sa'a ɗaya nake ganinta, ke ce ke tare da ita sauran lokacin." Na koma mai surutu dare da rana. Duk abin da nake yi ina faɗa, duk abin da ta kalla ina ba shi suna, in an ƙwanƙwasa ƙofa in nuna kunnena in ce na ji. Kowace safiya muna gwada wasu sautuka shida, a, u, i, m, sh, s, ina rufe bakina don kada ta karanta leɓe. Daniel Ling ne ya tsara wannan gwaji, domin sautukan sun ratsa faɗin maganar ɗan Adam daga mai kauri zuwa mai kaifi, in ta kasa jin ɗaya na san akwai abin da ya lalace a na'urar ko a saitinta. Kalmomin da suka zube suka fara dawowa, ba bisa tsarin da suka tafi ba. Likitoci sun ce shekara biyun da ta yi tana ji kafin ciwo jari ne babba. Binciken Anu Sharma da abokan aikinta ya nuna cewa sashen ji na ƙwaƙwalwa ya fi karɓar sauti in an dasa na'ura kafin shekara uku da rabi, bayan shekara bakwai kuwa amfanin yana raguwa ƙwarai ga yaron da bai taɓa ji ba, don sauran gaɓoɓi kamar gani sukan mamaye wurin.

Akwai batun da nake da ra'ayi mai ƙarfi a kansa, wato maganar hannu. Wasu sun ba mu shawarar kada mu bari ta koya, wai za ta yi kasalar magana da baki. Ban bi wannan shawara ba. In Ummi ta cire na'urarta za ta kwanta, ko batir ya mutu, ko waya ta tsinke ana jiran wata, kurma ce, kuma ba na son a samu sa'a ɗaya a rayuwarta da ba za ta iya gaya mini cikinta na ciwo ba. Mun koya tare, ni da ita da yayyenta, mahaifinta ma ya koya duk da yatsunsa sun fi namu tauri. Ban ga ta rage mata magana ba. Ta hanyarta kuma muka san kurame manya masu sana'a da iyali da ilimi, waɗanda ba sa kallon kansu a matsayin marasa lafiya, wasunsu ma ba sa son dashe, kuma na fahimci dalilinsu ko da na zaɓar wa 'yata wata hanya. Sun koya mini daina cewa "bebiya" ko bari a faɗa a gabanta.

Wani abu da ya ba ni tsoro da na ji shi: wanda aka dasa wa na'ura yana da ƙarin haɗarin kamuwa da sanƙarau, abin da aka tabbatar a wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2003. Saboda haka ake cika wa irin waɗannan yara allurar rigakafin nimokokas, kuma ba a wasa da ciwon kunne in ya same su. Duk ranar da Ummi ta ce kunnenta na ciwo, ko zazzaɓi ya zo da ciwon kai, ba ma kwana a gida.

Tun daga lokacin nake bibiyar binciken da ake yi, kuma na koyi raba abin da ke da amfani ga 'yata da abin da ke da daɗin ji kawai. A farkon 2024 labari ya karaɗe duniya cewa an warkar da kurumta ta hanyar gyaran ƙwayar gado. 'Yan uwa suka yi ta turo mini a waya, suna cewa ga maganin Ummi ya fito. Gaskiyar maganar ita ce, a wani asibitin kunne na Jami'ar Fudan da ke Shanghai, an yi wa yara shida da aka haifa da matsala a ƙwayar gado mai suna OTOF allura a cikin kunne, biyar suka samu ji, aka buga sakamakon a mujallar Lancet. An yi makamancin haka a Filadelfiya ta Amurka da Kambirij ta Ingila. Abin farin ciki ne na gaske, na yi kuka da na karanta. Amma waɗannan yara ƙwayoyinsu masu gashi suna nan da rai, furotin guda ne ya ɓace musu, wanda ke miƙa saƙo ga jijiya, sai aka aika musu da lafiyayyar ƙwayar gadon a cikin wata ƙwayar cuta marar lahani. Na Ummi sun mutu, wurinsu ma ƙashi ya taɓa shi. Wannan magani ba nata ba ne, kuma sai da na yi ta maimaita hakan ga masu ƙaunarmu, abin da ba shi da sauƙin faɗa.

Sake tsiro da ƙwayoyin da suka mutu shi ne babban burin masana. Tun 1988 aka gano cewa tsuntsaye suna yin hakan da kansu bayan ƙara ta lalata musu kunne, ana ta neman yadda za a tayar da wannan baiwa a jikin mutum. Wani magani mai suna FX-322 ya sa mutane da yawa rai, ni ma ina ciki, sai a 2023 gwajinsa ya nuna bai fi allurar da ba komai a cikinta ba, kamfanin ya dakatar da shi. Wannan ya koya mini in riƙa tambayar mutum nawa aka gwada, da wa aka kwatanta su, kafin in bar zuciyata ta tashi.

Abubuwan da nake ganin za su iya taɓa rayuwar Ummi ba su cika yin suna a labarai ba. Ana gwada wayoyin dashe masu sakin maganin kumburi a hankali a cikin katantanwa, don rage naman da ke taruwa kewaye da su, kuma duk wanda ya ji labarin kunnenta na hagu ya san dalilin da ya sa wannan ya dame ni. Akwai na'urorin da ke taimaka wa likita ya tura wayar a hankali fiye da yadda hannu zai iya. Ana gwajin na'urar da za a binne ta gaba ɗaya a ƙarƙashin fata, ba abin da ke waje. A Gottingen ta Jamus, Tobias Moser da tawagarsa suna aiki a kan amfani da haske maimakon lantarki, domin lantarki yana bazuwa cikin ruwa ya taɓa jijiyoyi da yawa lokaci guda, shi ya sa masu dashe ke wahala da kiɗa da kuma magana cikin hayaniya, haske kuwa ana iya saita shi a wuri ƙarami. Ga waɗanda ƙashi ya rufe musu katantanwa ruf, akwai dashen da ke tsallake kunnen ya tafi kai tsaye ga tushen ƙwaƙwalwa, wanda William House da William Hitselberger suka fara a 1979, ko da yake jin da yake bayarwa bai kai na dashen katantanwa ba.

Wanda na fi sa wa ido shi ne dashen daidaiton jiki. Mutane suna ganin na'urar kunnen Ummi, ba sa ganin ɗaya lalurar. Da rana idonta da tafin ƙafarta suna rufa mata asiri, motsa jikin da aka koya mata ya taimaka sosai. Amma cikin duhu, ko a ƙasa mai laushi, har yanzu tana neman abin dafawa, in tana gudu abin da ke gabanta yana rawa a idonta, kuma an gargaɗe mu kada ta taɓa nutsewa cikin ruwa ba babba a kusa, don a ƙarƙashin ruwa ba za ta gane sama da ƙasa ba. A 2021 masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins, ƙarƙashin Charles Della Santina, suka buga sakamakon mutum takwas manya da aka dasa wa na'urar da ke aika saƙon motsin kai ga jijiyar daidaito. Tsayuwarsu da tafiyarsu sun inganta, ko da yake jin kunnen da aka dasa ya ragu a wurin yawancinsu. Mutum takwas ba yawa ba ne, kuma ba yara a cikinsu. Duk da haka ina bibiya.

Yanzu in na ji an ce ɗan wani ya kwanta da sanƙarau, ba na jiran a gayyace ni. Ina zuwa dubiya, in na samu uwar ita kaɗai in ce mata, "Yar uwa, kafin ku bar asibitin nan ki ce a gwada kunnensa, in sun ce ba su da na'ura ki ce su rubuta miki inda za ki je, ko da kin ga kamar yana ji." Wasu suna kallona kamar na kawo musu mugun fata a ranar murna. Wata kuwa ta kira ni daga baya ta ce an gwada, kunne ɗaya ya tafi, ɗayan lafiya, kuma an sa su cikin masu dawowa a riƙa dubawa, domin jin da ya tsira daga sanƙarau yakan iya raguwa daga baya.

Batun da ke gabanmu yanzu shi ne kunnen hagu. Ɗigogin da ke aiki a cikinsa sun ƙara raguwa, likitoci suna duba ko a sake buɗe shi a sa irin wayar da aka raba biyu, wadda aka ƙera musamman don katantanwar da ƙashi ya toshe, ko a bar shi yadda yake tunda dama na riƙe da ita. Kowace hanya da haɗarinta, kuma ba su yi mana alkawarin komai ba. An ba mu ranar sabon hoto. Ummi ta ce wannan karon ba za ta zauna a waje ba, tana da tambayoyinta da ta rubuta a littafinta, ta farko ita ce ko za a aske mata gashi, ta biyu kuma ko za ta iya sa na'urar dama har zuwa lokacin da allurar barci za ta ɗauke ta. Na gaya wa likitan, ya ce ta zo da littafin.